Tanderun Lantarki na Gasa Fentin Hoda: Yadda Ake Gina Shi da Abin da Ke Faruwa a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa duban fentin firji ko na fankar tsaye ko na kabad ɗin ƙarfe na ofis, sa'an nan ya dubi fentin ƙofar ƙarfen da aka yi masa a unguwa, zai lura da bambanci. Na farkon sumul yake, mai tauri, yakan shekara goma ana goga shi bai nuna gajiya ba. Na biyun kuwa damina biyu ko uku ta ishe shi ya fara ɓarewa, tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashinsa. Galibin waɗancan kayayyaki na masana'antu ba da fentin ruwa aka shafe su ba. Wata busasshiyar hoda ce ake fesa musu, a shigar da su tanderu a gasa, hodar ta narke ta zama fata guda mai manne da ƙarfen.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata tambaya da wani mai walda, maƙwabcina, ya yi mini. Ya sayo bindigar fesa hodar da buhun hoda guda, amma ba shi da inda zai gasa, sai ya zo yana tambaya ko tanderun da muke gasa kwalabe a ɗakin gwaje-gwajenmu zai yi masa wannan aiki. Na ce masa zafin zai kai, amma ba zan yarda a sa fenti inda muke sa kayan renon ƙwayoyin cuta ba. Maimakon haka muka zauna muka tsara masa nasa. A wajen aikin ne na gane cewa ka'idar da nake koya wa ɗalibai game da kashe ƙwayoyin cuta da busasshen zafi, ita ce dai ka'idar gasa fentin hoda.

Asalin fentin hoda

Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ne ya ɓullo da dabarar farko da ta karɓu, a farkon shekarun 1950. A dabararsa, ana zafafa ƙarfe ne a tsoma shi cikin hodar da iska ke motsawa daga ƙasa, har ta riƙa tashi kamar ruwan da ke tafasa. A shekarun 1960 aka sami bindigar da ke fesa hodar da taimakon lantarki, kuma kamfanin SAMES na ƙasar Faransa na cikin waɗanda suka fara ƙera ta. Wannan ita ce hanyar da ta game duniya a yau.

Yadda busasshiyar hoda ke manne wa ƙarfe ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san hunturu. A lokacin sanyi, idan mutum ya yaye bargo cikin duhu yakan ga tartsatsi, in kuma yaro ya goga biro a gashin kansa sai biron ya riƙa ɗaukar guntayen takarda. Wannan lantarki ne mai zaune wuri guda. Bindigar tana ɗora wa ƙwayoyin hodar irin wannan caji da ƙarfin da kan kai bolt dubu goma-gomai, shi kuma ƙarfen da za a fenta an haɗa shi da ƙasa ta hanyar waya, saboda haka sai hodar ta nufe shi ta lafe a jikinsa. Amma wannan mannewa ta ɗan lokaci ce. Da za ka sa yatsa ka shafa, hodar za ta biyo yatsanka kamar garin alkama. Tanderu ne ke mayar da ita fenti.

Ƙwai da man shanu

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sukan ɗauka cewa aikin tanderu shi ne ya narkar da hodar kawai, saboda haka da zarar sun leƙa sun ga ta yi sheƙi sai su fitar da kayan. Domin a fahimci kuskuren, bari mu kwatanta man shanu da ƙwai. Man shanu in ya ji zafi ya narke, in ya huce ya daskare, in an sake ɗora shi ya sake narkewa, babu abin da ya sauya a ainihinsa. Ƙwai kuwa in ya dahu ya dahu ke nan. Farin ƙwai cike yake da sinadarin furotin, wanda ƙwayoyinsa suke kamar zaren da aka dunƙule. Idan zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, sai dunƙulen su warware, zaruruwan su sarƙe da juna su zama raga, kuma babu sanyin da zai mayar da su yadda suke.

Hodar fenti da aka fi amfani da ita tana fara tafiya ne kamar man shanu, ta ƙare kamar ƙwai. An haɗa ta da wani irin ƙaro na masana'anta, ko dai foliyesta ko ifoksi ko gaurayensu, da launi, da kuma wani sinadari mai ɗaure zaruruwan ƙaron da juna. Idan ƙarfe ya fara zafi, hodar ta narke ta malale ta yi sheƙi. Wannan mataki na farko ne kawai. Ɗaurin zaruruwan, wanda shi ne ke ba fentin tauri da juriya, yana bukatar zafin da ya fi haka da kuma lokaci. Galibin hodar foliyesta tana bukatar kimanin minti 10 a digiri 200, ko minti 15 a digiri 190, ko minti 20 a digiri 180. Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin cewa yawancin ayyukan sinadarai a jikin mai rai sukan ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri goma. Adadin ya bambanta a fenti, amma ka'idar ɗaya ce: in zafi ya ragu, lokaci ya ƙaru, in kuma ya ragu ƙwarai, aikin ba zai kammala ba ko da an wuni. Kowace hoda tana zuwa da takardar da ke faɗin nata lissafin, kuma wannan takarda ita ce abin bi.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci a duk wannan bayani. Waɗancan mintuna ba daga lokacin da aka rufe ƙofar tanderu ake fara ƙirga su ba, ba kuma daga lokacin da iskar ciki ta kai digiri 200 ba. Daga lokacin da shi kansa ƙarfen ya kai wannan zafi ake farawa. Haka muke yi a ɗakin gwaji: kwalabe na bukatar awa biyu a digiri 160 kafin a ce ƙwayoyin cuta sun mutu, kuma ɗalibin da ya fara ƙirge tun kwalaben na da sanyi, zai ga abin da bai shuka ba ya tsiro a farantinsa. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya kan kama zafin iska cikin 'yan mintuna, amma guntun ƙarfe mai kaurin yatsa na iya cin rabin awa ko fiye. A gwajinmu na farko mun rataya su tare muka fitar da su tare. Da suka huce duka biyun suna sheƙi, ba mai iya bambanta su da ido. Da muka ƙwanƙwasa mai kaurin da guduma, sai fentin ya tsage ya zubo kamar ɓawon ƙwai.

Saboda haka, tanderun da ake so shi ne akwatin da zai kai digiri 200, ya tsaya a nan ba hawa ba sauka, zafin ya zama ɗaya a sama da ƙasa, kuma mai aiki ya iya sanin zafin ƙarfen da ke ciki. Duk abin da za a faɗa nan gaba hanya ce ta cim ma waɗannan abubuwa.

Jikin tanderu

Bari mu ɗauki misalin tanderu mai faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, da tsayin mita 1.2 daga ciki. Wannan zai ɗauki firam ɗin babur ko ƙafafun kujeru ko ƙananan tagogi. Kada a gina wanda ya fi bukata girma, domin kowane ƙarin taki kuɗin wuta ne har ranar da za a daina aiki da shi.

Akwati biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, da ratar santimita 10 a tsakaninsu. Na cikin ana yinsa da fallen baƙin ƙarfe mai kaurin kamar milimita ɗaya, wanda ba fenti ba mai a jikinsa. Ratar kuwa ana cika ta da audugar dutse, wato wani abu mai kama da auduga da ake yi daga narkakken dutse, wanda ke jure zafin da ya ninka namu sau uku. Audugar gilashi ma za ta yi, muddin ba mai takarda ko leda a bayanta ba ce. Iskar da ke maƙale a tsakanin zaruruwan audugar ce ke tsare zafin, kamar dai yadda kaza ke buɗa gashinta da sanyin asuba domin ta tara iska a jikinta. Don haka kuskure ne a danna audugar a cusa da yawa da nufin ƙara mata ƙarfi. A sa ta ta cika wurin ba tare da an matse ta ba, kada kuma a bar rami, musamman a kusurwoyi.

Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da audugar dutse kusan sau dubu. Ma'anar wannan ita ce, duk inda ƙarfen ciki ya taɓa na waje, an yi wa zafi gada. Mai walda, saboda sabo da son aiki mai ƙarfi, zai so ya haɗa akwatunan biyu da ƙarfe ta ko'ina. A rage waɗannan mahaɗai iyakar iyawa, su zama 'yan kaɗan kuma sirara. Haka kuma ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi: mita ɗaya kan ƙaru da kimanin milimita biyu tsakanin zafin ɗaki da digiri 200. In an bi fallen ciki da walda ta kowane gefe, zai rasa inda zai miƙe, sai ya bankare, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Gara a ɗaure shi da noti ko ribit, a ɗan buɗa ramukan.

Ƙofa ita ma bango ce, kaurinta ɗaya da sauran, a kewaye bakinta da igiyar gilashi irin ta ƙofar tanderun burodi. A saman akwatin a bar ƙaramar kafa ta fitar hayaƙi, a sa mata bututu zuwa waje. A ciki kuma a gitta sanduna a sama domin rataye kaya.

Akwai abubuwa uku da araha kan ja mutane zuwa gare su. Na ɗaya tsohon firji. Siffarsa ta dace, har da ƙofa, amma bangonsa cike yake da soson roba wanda zafi ke ruɓar da shi, in ya kama wuta kuma hayaƙinsa na ɗauke da guba har da sayanaid. Na biyu allon asbesto irin na tsofaffin silin. Gaskiya ne ba ya cin wuta, amma in an yanka shi zaruruwansa kan shiga huhu su zauna, su haddasa ciwon daji bayan shekara ashirin ko arba'in. Na uku kwanon rufi da duk wani ƙarfe mai rufin tutiya, wato zinki. A bangon waje ba laifi. A ciki kuwa, kusa da inda wuta take, rufin kan ɓare, wajen walda kuma hayaƙinsa na sa wani zazzaɓi mai zuwa da rawar ɗari da ciwon jiki 'yan awoyi bayan an shaƙa. Masu walda da yawa sun yarda cewa shan madara na maganinsa. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu, ba sa ma haɗuwa.

Wuta nawa ake bukata?

Lissafin ba shi da wuya. Kowane kilo na ƙarfe yana bukatar kimanin kilojul 0.47 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Bangon ciki na tanderunmu, murabba'in mita 6.8 ne, nauyinsa kimanin kilo 53. In muka rataya kaya masu nauyin kilo 20, jimla kilo 73 ke nan. Ɗaga su daga digiri 30 zuwa 200 zai ci kusan kilojul 5,800. Iskar da ke ciki duka-duka ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, abin da za ta ci bai wuce kilojul 250 ba. Mai karatu ya dubi waɗannan adadi biyu da kyau, domin su ne ke bayyana dalilin da ya sa ma'aunin da ke auna iska kan yi saurin cewa an kai, alhali ƙarfe na can baya.

Da wutar kilowat 6, wato kilojul 6 a kowace daƙiƙa, wannan lissafi zai ba mu kimanin minti 17. Amma audugar ma tana shan nata zafin, wani kuma yana zurarewa ta bango da bakin ƙofa, abin da kan kai kusan kilowat ɗaya idan tanderu ya yi zafi. Saboda haka a sa ran rabin awa ko fiye kaɗan. Sandunan zafi uku masu wat 2,000 kowanne, irin na kukar lantarki, sun wadatar. A cikin kowace sanda akwai wayar nikurom, gaurayen nikel kashi 80 da kuromiyom kashi 20, wadda Albert Marsh na Amurka ya samar a farkon ƙarni na ashirin, an lulluɓe ta da wata farar hoda mai wuce da zafi amma ba ta wuce da lantarki.

Kilowat 6 a kan bolt 230 yana jan amfiya 26. Soket ɗin bango na gida amfiya 13 kawai aka yi shi ya ɗauka. Ke nan wannan tanderu ba abin da za a soka a bango ba ne. Yana bukatar layinsa na kansa tun daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6, da na'urar katse wuta ta amfiya 32, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai ja shi. Akwai kuma wata matsala da duk mazaunin garuruwanmu ya sani, wato wuta ta zo ba ƙarfi. Zafin sanda ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ya fi haka faɗuwa, domin lissafin ninki ne. In wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, kilowat 6 zai koma kimanin 3.7. Tanderun da aka gina da ƙyar-da-ƙyar, mai sirarin bango, a irin wannan rana ba zai kai digiri 200 ba sam. Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin da aka kashe a kan kaurin auduga ya fi wanda aka kashe a kan ƙarin sanduna amfani. Wanda zai dogara da janareta kuma, sai ya tanadi wanda ƙarfinsa ya ɗara kilowat 6 sosai.

Ana girka sandunan a ƙasa ko a gindin bangon gefe, bakinsu ya leƙo waje ta cikin bango domin mahaɗar waya ta kasance a wuri mai sanyi. Wayar gida mai rigar roba digiri 70 kawai take jurewa, don haka duk wayar da za ta kusanci zafi ta zama mai rigar zaren gilashi, mahaɗarta kuma ta tangaran. A sa fallen ƙarfe a tsakanin sanduna da kayan da aka rataya. Sanda in ta yi ja tana gasa abin da ke fuskantarta kai tsaye, kamar yadda mai jin ɗumi ke ƙona ƙwauri bayansa na sanyi, kuma hodar da ta zubo a kanta za ta ƙone ta yi hayaƙi. Sai kuma fanka. Iska mai zafi sama take tashi, in ba abin da ke juya ta, saman tanderu kan fi ƙasansa da digiri goma-gomai. Fankar tsohon tanderun girki mai dogon ƙarfe ta dace, injinta a waje, fukafukanta a ciki. Kada dai ta yi ƙarfin da za ta kaɗe hodar kafin ta narke.

Linzamin zafi

Jikin ɗan Adam yana tsayawa a kan digiri 37 ne saboda akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke auna zafin jini, ya ba da umarnin gumi ko rawar ɗari. Tanderu ma yana bukatar mai ji, da mai yanke shawara, da mai zartarwa.

Mai jin shi ne wayoyi biyu na ƙarafa mabambanta da aka haɗe bakinsu, ana kiransu tamokoful. A 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa in aka zafafa irin wannan mahaɗa, wani ɗan lantarki kan samu. A nau'in da ake kira K, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, abin da ke samuwa a digiri 200 bai wuce kashi 8 cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ƙanƙantar wannan adadi ta sa ba a ƙara masa tsawo da wayar tagulla ta gida, sai da irin tasa wayar, in kuma aka juya ƙafafunsa biyu, sai ma'auni ya riƙa sauka alhali zafi na hawa. A sa bakinsa a tsakiyar tsayin tanderu, nesa da sanduna, kada ya taɓa bango.

Mai yanke shawarar wata 'yar na'ura ce mai nuna lambobi da ake kira PID. Bambancinta da makunnin dutsen guga shi ne tana hangen gaba. Makunnin dutsen guga sai zafi ya kai yake kashewa, alhali sandar da ta yi ja za ta ci gaba da zubo zafi, sai a zarce. Ita kuwa tana yi ne kamar gwanar girki da ke janye itace tun kafin tukunya ta yi bori: tana dosar digiri 200 tana rage wuta kaɗan-kaɗan. Yawancinsu suna da tsarin da za su gwada tanderun su daidaita kansu.

Mai zartarwar kuma makunni ne marar motsi da ake kira SSR, wanda ke iya kunnawa da kashewa sau da yawa a minti ɗaya. Yana yin zafi, kimanin wat 30 ko fiye a irin namu lodin, don haka dole a ɗaura shi a kan ƙarfen alminiyom mai haƙarƙari domin ya sha iska, a kuma sayi wanda lambarsa ta ɗara bukata sosai. Halinsa guda ne ya kamata kowa ya sani: in ya lalace, galibi a kunne yake mutuwa. Na'ura za ta ce a kashe, shi kuwa wuta na ta wucewa, tanderu na ta hawa ba mai tsayar da shi. Maganin wannan shi ne a sa wani ma'aunin zafi na biyu mai zaman kansa, wanda zai katse wutar gaba ɗaya ta hanyar babban makunni mai maganaɗisu in zafi ya kai kamar digiri 240. Maƙwabcina ya so mu tsallake wannan saboda kuɗi. Ban yarda ba, domin shagonsa bango ɗaya ne da ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Jikin tanderun duka, har da ƙofa, a haɗa shi da wayar ƙasa mai kyau, a kuma sa na'urar da ke katse wuta in ta ji yoyon miliamfiya 30. Lantarkin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba ya isa ya rikita bugun zuciya in ya ratsa ƙirji.

Huhun mai aiki

Fentin hoda ba shi da tina, saboda haka ba shi da warin nan mai hawa kai, kuma wannan alheri ne babba. Amma rashin wari kan sa mutum ya saki jiki. Hanci da maƙogwaro suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, waɗanda suka gaza maikuron 10 kuwa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sukan wuce zuwa huhu, kuma a kowace hoda akwai irinsu. Wani sinadarin ɗauri mai suna TGIC, da ke cikin wasu nau'o'in foliyesta, yana sa borin fata da na numfashi, kuma Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke iya lalata ƙwayoyin gado. In akwai zaɓi, a sayi hodar da ba ta da shi. A kowane hali a sa takunkumi mai matatar ƙura na gaske. Ƙyalle ko rawani ba ya tare wannan ƙura. Hodar da ke shawagi a iska kuma tana iya kamawa da wuta farat ɗaya, don haka wurin feshi daban, wurin tanderu da walda daban. Tanderun da aka taɓa gasa fenti a ciki kuwa ya haramta ga abinci har abada, ko da ɗumama burodi ne.

Haka nan wajen share ƙarfe kafin feshi, wanda shi ne rabin aikin, domin hoda ba ta kama mai ko tsatsa. Masu kankare tsatsa da feshin yashi su sani cewa ƙurar yashi tana sa huhu ya yi tabon da ba ya warkewa, Birtaniya ma ta hana wannan aiki da yashi tun 1949.

Gwajin farko

Kafin a sa kayan kowa, a kunna tanderun ba kome a ciki na awa ɗaya ko biyu a fili, domin man da ke jikin ƙarfe da ƙaron da ke cikin auduga su ƙone su fita. Bayan haka a nemi tamokoful na biyu, a ɗaure shi a jikin guntun ƙarfe, a gwada sama da ƙasa da kusa da ƙofa. In bambancin ya wuce digiri 10, a gyara fanka ko a toshe inda iska ke shiga. Ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa yana da amfani a kan fenti, amma a kan ƙarfe mai ƙyalli yakan nuna ƙasa da gaskiya ƙwarai.

A cire duk abin da ba zai jure zafi ba: roba, da giris, da boris. Dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙi da ita tana narkewa a digiri 183, ƙasa da zafin aikinmu. Kayan da aka yi da zubin alminiyom suna da ƙananan ramuka masu riƙe iska da mai, in ba a fara gasa su tsirara ba, iskar za ta fito ta huda fentin. Abin da zai zauna a rana a yi masa foliyesta, domin ifoksi, duk da ƙarfinsa, hasken rana na sa shi ya yi fari-fari kamar alli. Ita kanta hodar a ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 30 ba, in ba haka ba zafin watan Afrilu a shagon kwano zai sa ta dunƙule tun tana cikin buhu.

Tare da kowane zubi, a rataya ɗan fallen gwaji da guntun ƙarfe mai kaurin abin da ake gasawa. In sun huce, a tsaga fentin da reza a gicciye kamar dara, a manna salatif a fizge. In ya gasu, ba abin da zai biyo salatif ɗin. A lanƙwasa fallen a ga ko zai tsage. A jiƙa auduga da asiton a goga sau ashirin ko talatin: fentin da bai gasu ba zai yi laushi ya bar launi sosai a jikin audugar. Wanda ya wuce kima kuma, farinsa kan koma ruwan ƙwai, ya yi gautsi. Maƙwabcin nawa yanzu yana da ɗan littafi rataye a ƙusa kusa da tanderun, inda yake rubuta kaurin ƙarfe, da irin hoda, da mintunan da ƙarfen ya ci kafin ya kai zafi, da kuma ƙarfin wutar da aka kawo a ranar.